Manaja ba ubangida ba ne: amsoshin tambayoyin da matasan mawaƙa ke yawan yi min

Ni dai harkar haɗa wasa da rakiyar mawaƙa nake yi a nan Garwa ta arewacin Kamaru, wani lokaci har Marwa da Ngaundere, kuma tambayoyin nan kusan kullum sai wani ya tare ni da su, ko a bakin sitidiyo ko a WhatsApp da tsakar dare. Shi ya sa na ce bari in tara su waje ɗaya in huta, duk wanda ya sake tambaya sai in turo masa. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni.

Wai shi manaja mene ne aikinsa takamaimai?

Wakilinka ne a duk abin da ba rera waƙa ba. Kai kana rubutu kana sitidiyo kana atisaye da 'yan amshi, shi kuma yana ɗaga waya, yana ciniki da masu biki, yana bin bashin da aka riƙe maka, yana kai waƙarka gidan rediyo, yana tuna maka cewa ranar Asabar akwai wasa a Gidar kuma motar safe za a bi. Sannan akwai wanda ya fi waɗannan nauyi, wato shawara: wace waƙa za a saki yanzu wace za a ajiye sai bayan azumi, wane wasa za a karɓa wane za a ce a'a ko da kuɗin ya yi kyau. A Amurka da Turai ayyukan nan a rarrabe suke, akwai mai nemo wasanni daban wanda yawanci kashi 10 yake ɗauka, akwai mai kula da lissafin kuɗi, akwai lauya, har ma a jihar Kalifoniya doka ta ce sai mai lasisi ne zai nemo wa mawaƙi aiki. Mu nan mutum ɗaya ne ke yin duka, shi ne mai waya shi ne mai lissafi, wata rana ma shi ne zai ɗauko lasifika a bayan mashin.

To ba shi ne zai biya min kuɗin sitidiyo da bidiyo ba?

A'a. Nan ne fa yawancin rigima take farawa, don haka bari in ɗan zauna a kai. Mun taso mun ga makaɗan fada da ubangidansu, lamiɗo ko wani attajiri shi ke ba da riga da doki da hatsin shekara, makaɗi kuma ya wasa shi. Tsari ne mai kyau a wurinsa kuma har yau yana nan. Amma matashi sai ya ɗauko wannan tunanin ya ɗora wa manaja, yana jiran a saya masa waya a ɗinka masa shadda a biya furodusa, in ba a yi ba ya ce manajan nan ba shi da amfani. Ƙanena, shi manaja kai ne kake biyansa, daga cikin abin da ka samu yake ɗaukar kasonsa, in ba ka samu ba shi ma ya kwana haka. Wanda yake zuba kuɗinsa a aikinka sunansa mai zuba jari, kuma duk mai zuba jari yana da abin da yake so a mayar masa, ko riba ko mallakar waƙoƙin ko dai sunansa ya fito a baiti.

Yana faruwa manaja ya ga waƙa ta yi kyau ya ce bari in ranta maka sefa 150,000 a yi bidiyo. Ba laifi, amma a kira abin da sunansa tun ranar: rance ne, za a cire daga kuɗin wasanni masu zuwa, kaza-kaza a kowane wasa har ya ƙare. Na ga yaron da aka yi wa irin wannan ba a faɗa masa ba, shi yana ganin kyauta ce har yana yi wa mutumin kirari a dandali, sai da suka ɓata aka fito masa da wani ɗan littafi mai bangon shuɗi, ashe har kuɗin shayi da na man mashin an rubuta. Kuma mutumin bai yi ƙarya ba, ya kashe ɗin, kawai dai ba a yi maganar ba ne tun farko.

Yaushe ya kamata in nemi manaja?

Lokacin da akwai abin da za a kula da shi. In waƙa biyu gare ka a waya kuma ba wanda ya taɓa kiranka wasa, kashi 20 na babu ai babu ne, ba mai hankalin da zai bar sana'arsa ya bi ka. Ka fara da kanka tukuna, ka yi wasan unguwa, ka hau dandali ranar bikin kiɗa na 21 ga Yuni, ka nemi a sa ka a shirye-shiryen Aliyans, wato cibiyar al'adu da koyar da Faransanci ta Garwa, ka san yadda ake magana da mai sono, wato mai kayan sauti. Ranar da ka ga kira yana wuce ka, ko ka karɓi biki biyu a dare ɗaya don ka manta, to lokaci ya yi.

Nawa yake ɗauka?

Abin da aka saba a duniyar waƙa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ana samun 10, ana samun 25 musamman in mawaƙin sabo ne ƙwarai kuma aikin da yawa kuɗin kaɗan. Brian Epstein manajan Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, ya kai kashi 25. Wanda ake ba da misali da shi in ana maganar wuce gona da iri shi ne Kanar Tom Parker manajan mawaƙin Amurka Elvis Presley, wanda a ƙarshe rabi yake ɗauka a wasu harkokin, bayan mutuwar Elvis a 1977 sai da maganar ta je gaban kotu a Memfis. Saboda haka in wani ya ce maka a raba biyu, ka tambaye shi me zai kawo da ya kai rabin.

Amma wallahi ba adadin ne ya fi cin mutane ba, tambayar ita ce kashi 20 na me. Na kuɗin da aka bayar gaba ɗaya, ko na abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya? A ce an kira ku wasa Marwa a kan sefa 200,000. Mota zuwa da dawowa ku biyar 40,000, masauki da abinci 30,000, mai piyano da 'yan amshi 50,000. Saura 80,000. In manaja ya ɗauki kashi 20 daga sama, 40,000 kenan, kai mai waƙar ka tashi da 40,000, kun yi kunnen doki da shi alhali a takarda an ce kashi 20. In daga ragowar ne, 16,000 zai ɗauka ka tashi da 64,000. Ka ga bambancin. Ni ra'ayina a wasannin nesa a cire kuɗin mota da na sono kafin a raba, wasan cikin gari da ba wata ɗawainiya a ɗauka daga sama, kowa ya samu. Sannan kuɗin da wani ya bayar musamman don a yi aiki, kamar na ɗaukar bidiyo ko na sitidiyo, manaja ba ya cin kaso a ciki, don ba samu ba ne, kuɗin aiki ne.

Kuɗin liƙi fa, yana da kaso a ciki?

Wannan ba za ka same shi a kwantiragin Turawa ba sai dai mu yanke da kanmu, kuma a wajen bikin aure sau da yawa liƙin ya fi kuɗin da aka yi ciniki. Wasu manajoji suna cewa ai ni na kawo bikin don haka komai a haɗa, mawaƙa kuma suna cewa wannan goshina aka manna wa. Duka biyun suna da hujja. Abin da na ga yana zaunar da mutane lafiya shi ne a sa yaro ɗaya amintacce ya tattara a jaka, a ƙirga a gaban kowa kafin a bar wajen, ba washegari ba, a fitar wa makaɗa da 'yan amshi nasu, manaja ya ɗauki kaso ƙarami fiye da wanda yake ɗauka a kuɗin ciniki. Kyautar da aka kira ka gefe aka ba ka, waya ko mashin ko yadi, ni a ganina taka ce. Ko ma yaya kuka yanke, ku yanke kafin a fara kiɗa, don bayan an ga kuɗi a ƙasa ba mai jin magana.

Abokina ko yayana zai iya zama manajana ko sai wanda ya san harka?

Zai iya. Shi kansa Epstein shagon sayar da faifai na gidansu yake kula da shi a Libaful, bai taɓa riƙe mawaƙi ba kafin ya sa hannu da Beatles a farkon 1962, kamfanin Decca ya ƙi su, ya ci gaba da yawo da faifansu har aka karɓe su a kamfanin EMI. Abin da ake nema mutum mai ɗaga waya, mai cika alkawari, wanda ya iya lissafi kuma ba ya jin kunyar tambayar kuɗi. A yankinmu sai a ƙara da harshe: ya iya Faransanci na rubuta takarda, ya iya Fulatanci don ciniki da masu biki, in za a haura Kusseri a shiga Njamena kuma Larabcin Cadi zai yi masa rana. Matsalar ɗan'uwa ɗaya ce, ranar da ya yi ba daidai ba za ka iya ce masa Yaya kawo lissafi? In ka san ba za ka iya ba, ko ka san maganar za ta koma gaban Hajiya a gida, gara ka nemi bare.

Dole sai an rubuta takarda? Mu fa mun yarda da juna.

A rubuta. Ko addini ma cewa ya yi in za a ƙulla bashi a rubuta a sa shaidu, balle harkar da za a shekara ana shigar kuɗi da fita. Ba sai takarda mai shafi ashirin ba, shafi biyu ya isa in dai an faɗi abubuwan nan: tsawon lokaci, kason da zai ɗauka da kuma daga wane kuɗi, iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya tambaye ka ba, yaushe zai riƙa kawo lissafi, da yadda za a rabu. A kan lokaci, ni ina ba sabon mawaƙi shawara a fara da gwajin wata shida, in an ji daɗin juna a yi shekara ɗaya ko biyu. Shekara biyar ta yi yawa ga wanda bai san inda zai kai ba. Za ka iya sa sharaɗi ma cewa in a cikin shekara ba a samu wasa kaza ko kuɗi kaza ba kana da damar fita.

Abu biyu da ake mantawa. Na ɗaya kar ka ba shi izinin sa hannu a madadinka a komai da komai, wasan dare ɗaya ya sa hannu ba matsala, amma duk abin da ya shafi sayar da waƙa ko kwantiragi da kamfani sai da hannunka. Na biyu in kamfani ne mai mutane da yawa ka rubuta sunan wanda ka yarda da shi, in ya bar wajen kai ma kana iya tafiya, kar a miƙa ka ga wanda bai taɓa jin waƙarka ba. In takardar da Faransanci take kuma naka na kasuwa ne, kai wa wanda zai fassara maka layi-layi, wanda ba abokin manajan ba. Sannan a Kamaru sai mutum ya cika shekara 21 doka take ɗaukarsa baligi a harkar kwantiragi, in ba ka kai ba sai mahaifi ko waliyyi ya sa hannu.

Kuɗin wasa hannun wa zai shiga?

In so samu ne naka, kai kuma ka fitar masa da kasonsa. In ba zai yiwu ba saboda shi ke ciniki, to a buɗe lamba ɗaya ta Orange Money ko MoMo, a Cadi Airtel Money ko Moov, wadda ba a komai da ita sai harkar waƙa, saƙon shigar kuɗi kuma kowa ya gani. Kafin alƙalami rabi ne, a karɓa kafin a hau mota, ragowar kafin a hau dandali, wannan aikin manaja ne kuma in bai iya shi ba bai iya komai ba. Mai biki in an watse sai ka ji wayarsa a kashe.

Ga wani abu da ya fi kuɗin hannu muhimmanci yanzu: shafukanka. YouTube, Facebook, TikTok, Audiomack, Boomplay, da asusun da ake bi a ɗora waƙa a Spotify irin su DistroKid ko TuneCore, duk a buɗe su da imel ɗinka da lambar wayarka, shi a ba shi damar shiga ya yi aiki kawai. Na san mawaƙiyar da ta rabu da mai kula da ita ta bar masa shafi mai mabiya da yawa don da layinsa aka buɗe, ta koma ta fara daga sifili, har yau in ka nemi sunanta tsohon shafin ne ke fara fitowa.

Mu ƙungiya ne mu huɗu, da wa zai yi magana?

Ku fara daidaitawa tsakaninku kafin ku kawo shi, don manaja ba alƙali ba ne. Wa ke da sunan ƙungiyar in wani ya fita? Kuɗin wasa daidai za a raba ko mai jan baiti ya fi? Wanda ya rubuta waƙa fa? Kayan kiɗan da aka saya da kuɗin ƙungiya na wa ne? Ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunku, in ba haka ba kowa zai riƙa kiransa ta bayan fage yana kai ƙarar ɗan'uwansa. Maganar suna kuwa, in kun ga abin yana girma ana iya yi masa rajista a OAPI, hukumar rajistar sunayen kasuwanci da ke Yawunde, rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har da Kamaru da Cadi da Nijar, shekara 10 ana sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, ita sai an yi nata daban, wannan kuma ya shafe mu tunda da yawanmu Yola da Kano muke kallo. A yi rajistar da sunan 'yan ƙungiya, ba da sunan manaja ba.

Shi zai mallaki waƙoƙina?

Ko kaɗan. Manaja kaso yake ci a kuɗin da waƙa ta kawo, waƙar kanta taka ce. Dokar haƙƙin mawallafi ta Kamaru, ta 19 ga Disamba 2000, ta ba mai waƙa haƙƙinsa tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan mutuwarsa, wato har 'ya'yanka da jikoki, don haka kar ka sayar da wannan a kan kuɗin bidiyo ɗaya. Aikinsa dai ya taimake ka ka yi rajista a hukumar da ke karɓo wa mawaƙa kuɗin, SONACAM a Kamaru, BUTDRA a Cadi, da sunanka. Kar ka sa rai za ka yi arziki da abin da zai fito daga can nan kusa, amma rajistar hujja ce ranar da wani ya ɗauki amshinka ya ce nasa ne. Kuma duk waƙar da kuka yi da wani, ko furodusa ya sa hannu a kiɗan, a rubuta kason kowa a ranar a sitidiyo, ko a takardar makaranta ce, kowa ya sa hannu a ɗauki hoto.

Mai sitidiyon da nake aiki da shi ya ce shi zai zama manajana kuma shi zai fitar da waƙoƙin. Ya kuke gani?

A nan ina ɗan jan ƙafa. Ka je kasuwar shanu ta Adumri ka ga dillali, in shi ne mai sayen san kuma shi ne dillalinka, wa zai tsaya maka a kan farashi? Aikin manaja ya zauna a ɓangarenka ya yi jayayya da mai sitidiyo da kamfani, to in shi ne su, da kansa zai yi jayayya kenan. Na san a garuruwanmu mutanen harkar ba su da yawa, wani lokaci ba yadda za a yi. In haka ne a yi takarda biyu daban, kuma kar ya ci sau biyu: in yana da kaso a faifan a matsayin mai fitarwa, ba zai sake ɗaukar kashi 20 daga naka kason na faifan ba.

Ni mace ce, a gida an ce ba za a bar ni ina yawo da wani namiji ba.

Suna da gaskiyarsu ƙanwata, kuma manajan kirki da kansa zai je ya gaida su Baba ya yi bayani kafin a fara komai. A sa a takarda cewa duk tafiya da 'yar rakiya za a yi, yayarki ko gwaggo, kuma kuɗin motarta da masaukinta yana cikin ɗawainiyar wasa. A sa irin wuraren da ba za ki yi wasa ba da ƙarfe nawa za ki tashi. Wannan ma ba mata kaɗai ba, maza da yawa ba sa son wasan da kamfanin giya ya ɗauki nauyi ko na 'yan siyasa lokacin kamfen, to a faɗa wa manaja tun farko kar ya je ya karɓi kuɗin mutane. Akwai mata masu wannan aikin su ma, in kin samu wadda ta iya sai ki huta da surutu.

In mun ɓata ya ake rabuwa?

Yadda aka rubuta, shi ya sa na dage a kan takarda. Yawanci sanarwar wata ɗaya zuwa uku, a kammala wasannin da aka riga aka karɓi kuɗinsu, a yi lissafin ƙarshe, ya miƙa maka lambobin masu biki da duk wani abu naka da ke hannunsa. Sai maganar da ke ba mutane mamaki, wato yana iya ci gaba da cin kaso a ayyukan da aka ƙulla lokacinsa ko bayan ya tafi. Adalci ne, don shi ya sha rana a kansu, amma a sa masa iyaka yana raguwa, misali shekarar farko kashi 15, ta biyu 10, ta uku 5, daga nan shi kenan. In ba a sa iyaka ba za ka wayi gari kana biyan tsohon manaja 20 sabo 20. Kuma don Allah a bar zuwa Facebook ana tona asiri, masu kiran wasa a Garwa da Marwa ba su da yawa kuma duk sun san juna.

Wani ya rubuto min daga Duwala ya ce zai zama manajana ya kai ni Faransa, amma in fara tura 50,000 na buɗe dosiye, wato fayil.

Kar ka tura. Manaja ba ya karɓar kuɗin rajista, daga abin da ya samo maka yake ci. Tambaye shi mawaƙan da yake riƙe da su, ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu da kanka ba wadda shi zai ba ka ba, ka kira ka ji. Hanyoyin fita waje na gaskiya suna nan kuma a bayyane suke, gasar waƙa ta Découvertes ta gidan rediyon RFI tun 1981 ake yinta, Mounira Mitchala ta Cadi ta ci a 2007, kuma sanarwar shiga a fili ake yinta kowa ya gani. In mutumin ya ce zai zo Garwa ku zauna, to bismilla, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya shigo mota, kuɗin tikitinsa kuma daga aljihunsa.